WAKE: ABINCIN DA MUKE CI KULLUM BA MU SAN SHUKARSA BA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Babu wata unguwa a Zangon Kumasi, tun daga Aboabo har Asawase, tun daga Sabon Zango har Alabar, da gari zai waye ba a ɗora tukunyar wake a cikinta ba. Mai koko tana da ƙosai a gefenta, mai tubani ta naɗe nata a ganye, mai waakye kuwa tun daren jiya ta jiƙa wakenta ta wanke karan dafinta. Shi kansa wannan suna na waakye, wanda a yau ba wani ɗan Ghana da bai san shi ba, ba komai ba ne illa kalmarmu ta wake da ta shiga bakin maƙwabta ta sauya kama. Da sana'ar wake iyayenmu mata da yawa suka biya kuɗin makaranta, suka aurar da 'ya'ya, wasu ma har suka sauke farali.

Amma duk da wannan kusanci, in aka tara yaran makarantar allo ko na boko a nan Zango aka nuna musu shukar wake tana tsaye a gona, kaɗan ne za su gane ta. Mun san farashin olonka a kasuwa, muna kuka in ya hau, amma ba mu san kwana nawa wake yake yi kafin ya nuna ba. Muna murna in muka sami wanda ba shi da huji, ba ma tambayar abin da aka zuba masa har ƙwaro ya guje shi. Wannan rashin sani yana taɓa aljihunmu, yana kuma taɓa lafiyar iyalanmu, shi ya sa ya dace mu tsaya mu san wannan tsiro.

Dangi ɗaya, ƙasa daban

Wake yana cikin babban dangin tsirrai masu ajiye 'ya'yansu a cikin ƙwanso. A cikin wannan dangi akwai gyaɗa, da gujiya, da waken suya, da adas wanda sunansa ya zo a Suratul Baƙara cikin labarin Banu Isra'ila. Har itacen ɗorawa da muke yin daddawa da kalwarsa ɗan wannan gida ne. Akwai kuma fis, wato ƙananan korayen ƙwayoyin nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa da salak ranar biki, waɗanda galibi a gwangwani suke iso mana. 'Yan uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla sun san fis da sunan petit pois, wakenmu kuwa da sunan niébé. Larabawa suna ce wa fis basila, wake kuma lubiya.

Shi fis tsohon amfanin gona ne ƙwarai. A Gabas ta Tsakiya aka fara noma shi, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tare da alkama da sha'ir da adas. Tsiro ne mai raunin kara, don haka yana fitar da wasu siraran zare a ƙarshen ganyensa yana kama duk abin da ya samu ya hau. Furensa yana haɗa namiji da mace a rufe, yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe. Wannan hali nasa ne ya sa wani malamin majami'a mai suna Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yau, ya zaɓe shi don gwaji. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka dubban tsirrai a lambun majami'arsu yana haɗa dogo da gajere, mai santsi da mai tamoji, yana ƙirga abin da ya fito. Ya ga cewa siffar da ta ɓace a 'ya'ya takan dawo a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ya buga sakamakonsa a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, bayan rasuwarsa. A kan wannan aiki aka gina ilimin gadon halitta, wanda da shi likita yake bayyana wa masu shirin aure yadda cutar sikila take bin jini, da shi kuma masana suke fitar da sabon iri.

Sai dai fis ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi in zafi yana tsakanin digiri 13 da 18 a ma'aunin Salshiyas, in kuwa ya kusanci 30 sai furen ya zube ba tare da ya ƙulla ba. Rana a Kumasi tana kai wannan ma'auni ko ta wuce shi a yawancin watannin shekara. Saboda haka a yankunan Afirka masu zafi sai a wurare masu tudu da sanyi ake noma shi sosai, kamar tsaunukan Habasha da Kenya da tudun Jos a Nijeriya. Wanda ya shuka shi a bayan ɗakinsa a Aboabo zai ga ya tsiro ya yi ganye, amma da wuya ya ga abin da zai cika tafin hannu. Wanda ya shuka wake a wuri guda ɗin nan, cikin wata biyu da 'yan kwanaki zai yi roro.

Wake ɗan gida ne

Dalilin haka shi ne wake a nan Afirka aka haife shi. Masu binciken kayan tarihi sun tono ƙonannun ƙwayoyinsa a cikin kogunan duwatsu da ke kusa da Kintampo, garin nan da ake wucewa a hanyar Tamale gaba da Techiman. Da aka auna shekarunsu sai aka samu sun haura 3,500, kuma suna cikin mafi tsufar shaidar noman wake da aka taɓa samu a duniya. An buga wannan bincike a 2007. Wato tun kafin a kafa Kumasi, tun kafin fataken goro su buɗe hanyar Gwanja, mutanen wannan ƙasa suna shuka wake suna ci.

Daga nan Afirka ya bazu zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa. A zamanin cinikin bayi kuma ya ƙetare teku zuwa Amurka da Birazil, inda har gobe matan jihar Bahia suke soya wani abu a manja da suke kira acarajé, wanda duk mai cin ƙosai zai gane ɗan uwansa ne. A yau Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar tana biye da ita, sannan Burkina Faso. A nan Ghana yankunan arewa ne suka fi noma shi, sai kuma yankin Ejura da ke cikin ƙasar Asante. Abin da ake nomawa a gida bai cika isar masu ci ba, shi ya sa manyan motoci suke shigo da shi daga ƙasashen arewacinmu, kuma duk abin da ya taɓa hanya ko kan iyaka ko damina a can, sai mai ƙosai ta ji shi a nan.

Hikimar da ke cikin saiwa

In mai karatu ya tumɓuke shukar wake mai wata ɗaya a hankali ya wanke saiwarta, zai ga wasu ƙananan ƙullutu kamar ƙwayar gero manne da ita. Ba cuta ba ce. Gidaje ne na wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, waɗanda suke shiga saiwar su zauna. Tsiron yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuma suna kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya sha. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara da dawa da shinkafa ba su da ikon ɗaukarsa daga can, sai manomi ya saya musu a buhun taki. In aka fasa ƙullutun aka ga cikinsa ja-ja ne, to masu aikin suna kan aikinsu. In fari ne ko kore, ba sa yi.

Kakanninmu ba su san sunan bakteriya ba, amma sun san gonar da aka yi wake a cikinta bara tana yin hatsi bana, shi ya sa suke shuka shi a tsakanin kunyoyin gero da dawa. Wannan naitirojin ɗin ne kuma yake zama furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake. Abin da furotin ɗin shinkafa da masara ya rasa akwai shi a wake, abin da na wake ya gaza a kai akwai shi a hatsi. Don haka uwar da ta haɗa wa ɗanta koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, ta ba shi abinci mai gina jiki ko da babu nama a kai. Abin lura ɗaya ga masu girki: kanwa tana saurin nunar da wake, amma in ta yi yawa tana kashe wani ɓangare na bitamin ɗinsa. Jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan ya fi, yana kuma rage kumburin ciki.

Yadda ake shuka shi a Kumasi

Allah ya ba wannan yanki damina biyu. Babbar tana kamawa daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan ɗauke a Agusta, sannan ƙaramar ta zo daga Satumba zuwa Nuwamba. Wake yana son ruwa lokacin da yake girma, yana son rana lokacin da yake bushewa. Wanda ya shuka a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, roronsa zai faɗo a bakin hunturu, ƙwanso ya bushe tas ba fumfuna. Wanda ya shuka a tsakiyar babbar damina kuwa, ruwa yana iya riskar ƙwanson ya ruɓar da shi a tsaye.

Iri shi ne farkon magana. Waken da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa mai yaɗo ne, yana malala a ƙasa, ba ya fure sai yini ya fara gajarta, yana iya cin wata uku ko huɗu. Yana ba da harawa mai yawa, amma yana son fili. Akwai kuma sababbin iri masu tsayawa a miƙe, waɗanda suke nuna cikin kwana 60 zuwa 75. Ba sai an yi nisa wajen nemansu ba, domin Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta ƙasa tana nan Fumesua, a bakin Kumasi kan hanyar Accra, kuma ita ta fitar da iri irin su Asontem da Nhyira da Tona domin ƙasa irin tamu. Takwararta ta Nyankpala kusa da Tamale ta fitar da nata domin arewa, har da wani da ta raɗa wa suna da Hausa, Bawutawuta, saboda yana jure wa ciyawar wuta-wuta mai tsotse saiwa. Waken kasuwa ma yana tsirowa in ba shi da huji, sai dai mai shuka bai san wane iri ya ɗauko ba. A gwada ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma kwana huɗu ko biyar. In 8 suka tsiro, irin yana da rai.

Ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta ita wake yake so. In wurin mai laka ne a ɗaga kunya. A bar santimita 60 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin rami da rami, a sa ƙwaya biyu a rami mai zurfin gaɓar yatsa biyu. Zai tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. A yi noman farko a mako na biyu ko na uku, a yi maimai kafin fure ya fito, wato wajen kwana na 40. Da zarar fure ya buɗe a rage shiga cikinsa, don girgiza tana kaɗe shi. Kada a cika masa takin zamani mai naitirojin, don zai yi ganye luf-luf ya ƙi 'ya'ya. Tsohon takin tumaki da ya ruɓe ya ishe shi, kuma wannan ba ya wuyar samu a Zango.

Da yawa daga cikinmu haya muke yi a gidan da tsakar gidansa siminti ce. Wannan ba ya hana shuka. Tsohon buhun shinkafa ko bokitin da ya fashe, in aka huda gindinsa aka cika shi da ƙasa mai taki, zai ɗauki shuka biyu ko uku. A ajiye shi inda rana take kaiwa aƙalla rabin yini, a tsare shi daga awaki, a ba shi ruwa mai tsabta, ba ruwan kwata ba. Gaskiya ne bokiti biyar ko goma ba za su ciyar da gida da busasshen wake ba. Amma za su ba da ɗanyen ganye na miya tun daga mako na huɗu, da ɗanyen ƙwanso na dafawa, da 'yar harawa ga ragon layya, kuma yaron da ya shuka da hannunsa ya ga ƙullutun saiwa da idonsa ya sami darasin da allo bai ba shi ba. Masallatai da makarantun Islamiyya masu ɗan fili a baya, da waɗanda suka sayi fuloti a bayan gari ba su kai ga gini ba, su ne suka fi kowa damar yin abin da zai cika buhu.

Maƙiya a gona da maƙiya a ɗaki

Ba mu kaɗai muke son wake ba. Tun yana ƙarami darɓa take taruwa a ƙarƙashin ganyensa tana tsotsa. Ga mai 'yan shuke-shuke a gida, ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, da ɗan sabulu, yana rage ta. Babbar maƙiya a gona ita ce tsutsar maruka, wadda take shiga cikin fure da ƙwanso ta cinye daga ciki. Saboda ita manoma suke yawan feshi, saboda ita kuma masana suka fitar da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa. Nijeriya ta saki nata a 2019 daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, Ghana kuma ta amince da nata a 2022 aka sake shi ga manoma a 2024 da sunan Songotra-T. Akwai masu maraba da shi don yana rage feshi, akwai masu ɗari-ɗari da shi, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambaya a gaya masa wane iri ake miƙa masa.

Amma maƙiyin da ya fi shafar mu mazauna birni shi ne ƙwaron ajiya. Tun a gona uwarsa take yin ƙwai a jikin ƙwanso ko ƙwaya. Tsutsar tana shiga ciki ta ci ta girma, cikin kusan wata ɗaya ta fito ta bar huji, ita ma ta yi nata ƙwan. Buhun da aka ajiye da 'yan ƙwari kaɗan, bayan 'yan watanni sai a tarar da shi gari da wari. Tsoron wannan hasara ne yake sa wasu masu ajiya su zuba maganin feshi kai tsaye a kan wake, musamman wanda ake taƙaita sunansa DDVP, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da fiya-fiya. Ba a yi wannan magani don a cuɗa shi da abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a jikinsa. Turawa suna da na'urar aunawa a bakin tasharsu. Mai ƙosai a Zango hancinta kawai take da shi. Saboda haka duk waken da ake jin warin magani a jikinsa, ko aka ga farin gari manne da shi, a bar shi komai arharsa. Ɗan kasuwa Musulmi kuma ya tuna ɓoye aibin haja algus ne, balle aibin da yake cutar da jikin mai ci.

Abin farin ciki shi ne ana iya ajiye wake ba tare da ɗigon magani ba, domin ƙwaro ma numfashi yake yi. A shanya waken ya bushe har ya riƙa ƙara in an ciza, a zuba shi a busasshiyar jarka ko duro mai murfi, a cika har baki, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, cinsu da haihuwarsu su tsaya, su mutu. A kan wannan hikima masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru, suka ƙirƙiro buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Tun daga 2007 aka yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Ghana, da sunan PICS. Sharaɗinsa kawai kada leda ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa kullum. Mai ajiyar kaɗan tana iya bin hanyar kakanni, ta cuɗa waken da tankaɗaɗɗiyar toka har ta rufe shi, ko ta sa shi a ɓangaren ƙanƙara na firiji na 'yan kwanaki. Gidan da ya iya wannan zai sayi wakensa a Disamba lokacin da yake araha, ya ci har azumi ba ƙwaro ba guba.

Haƙƙin Allah a cikinsa

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su bar wake a baya ba. Duk wanda ya karanta babin zakka a Risala ko Muhtasar ya gamu da kalmar ƙuɗniyya, wato dangin wake da ake busarwa a ajiye. Masu sharhi sun ƙirga su bakwai, a ciki akwai lubiya da adas da basila, wato wakenmu da fis suna layi ɗaya a wurinsu. A babin zakka ana haɗa su wuri ɗaya a lissafa. In jimlarsu ta kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da kimanin kilo 650, zakka ta wajaba ranar girbi: ɗaya cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin 20 in da wahalar ban ruwa aka noma. 'Yan uwanmu masu gonaki a wajen Ejura da arewa su kula da wannan, su tambayi malamansu a kan abin da ya shige musu duhu. Mai bokiti biyar bai kai nisabi ba, amma bai fita da hannu wofi ba, domin ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Musulmin da ya yi shuka yana da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga cikinta.

Ƙaramar damina ba ta da nisa ga mai shiri. Muna kira ga shugabannin makarantunmu su ware ko da kunya uku a bayan aji, ga ƙungiyoyin mata su haɗa kuɗi su sayi buhunan ajiya lokacin kaka, ga 'yan kasuwarmu kuma su ji tsoron Allah a kan abin da suke zuba wa abincin mutane. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke shukawa da abin da muke ci, ya kare iyalanmu daga cuta, ya ba mu damina mai albarka. Amin.